Haƙƙin Yaro Makaho a Kan Iyayensa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ji da gani, Ya ba wanda Ya so, Ya kuma jarrabi wanda Ya so da rashinsu bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Maudu'in da aka ɗora mana mu yi magana a kansa a wannan zama shi ne tarbiyyar yaron da Allah Ya jarrabe shi da naƙasa. Fage ne mai faɗi ƙwarai, domin ya haɗa makaho da kurma da gurgu da mai farfaɗiya da wanda hankalinsa bai cika ba, kuma kowannensu da irin bukatarsa. Saboda ƙarancin lokaci za mu fi ba da ƙarfi ga makaho, sauran kuma mu taɓa su inda magana ta kai mu.

Sanin kowa ne cewa a ƙasarmu idan aka haifi yaro makaho, ko kuwa ya makance yana ƙarami, sau da yawa an riga an yanke abin da zai zama tun bai yi wayo ba. Za a ba shi sanda da ƙoƙo, a haɗa shi da ɗan jagora, a nuna masa bakin kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a, shi ke nan an sallame shi. Abin ya zauna a zukatanmu har ya kai idan aka ce "makaho" abin da ke fara zuwa a tunanin mai sauraro shi ne mai bara. Wannan hukunci kuwa a cikin gida ake yanke shi, iyaye ne ke sa masa hannu, dangi da maƙwabta su zama shaidu. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne cewa yaro makaho yana bin iyayensa bashin duk abin da ɗan'uwansa mai gani ke bin su, na magani da ilimi da sana'a, har da ƙari a kai, kuma uban da ya mayar da ɗansa hanyar samun abinci ya ci amanar da za a tambaye shi a kanta.

Mu fara da mas'alar ƙaddara, domin a bayanta mafi yawan sakacinmu ke ɓuya. Babu Musulmin da ke shakkar cewa abin da ya sami bawa rubutacce ne. Amma wanda Ya ƙaddara cuta Shi ne Ya ƙaddara magani, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi magani, ya kuma umurci sahabbansa da neman magani. Saboda haka uban da ya zauna yana kallon idon ɗansa na lalacewa wata da watanni, sa'an nan bayan ido ya tafi ya ce haka Allah Ya so, ya faɗi gaskiya a lafazi amma bai kuɓuta daga laifin sakaci ba. Mafi muni daga wannan shi ne ɗora wa uwa laifi. Akwai gidajen da idan mace ta haifi yaro mai naƙasa sai dangin miji su fara ƙus-ƙus, wai ta yi wanka da magariba, wai ta ƙetare wani abu, wai a danginsu abin yake. Wata har igiyar aurenta ta tsinke a kan haka, a bar ta da yaro da ɗawainiyarsa ita kaɗai. Ku dubi sunan da muka raɗa wa cutar da ke shanye ƙafafun yara, wato shan inna. Sunan kansa yana ɗauke da camfi, cewa wata aljana ce ta sha ƙafar yaro, alhali kuwa ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki daga ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Wanda ya yi imani aljana ce, wurin boka zai nufa, ya yi hasarar kuɗinsa da aƙidarsa, yaro kuma yana nan yadda yake.

Tarihin wannan cuta ya isa ya zama darasi. A shekarar 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafinta saboda zargin da ya bazu a kansa, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka dawo aka dage, sarakuna da malamai suka sa baki, sai ga shi rabon da a ga asalin ƙwayar cutar a Nijeriya tun 2016 a jihar Borno, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ita daga Afirka. Samarin da muke gani suna jan jiki a kan titi, da yawansu ɗigo kaɗan a baki ne ya wuce su suna jarirai.

Haka lamarin ido yake. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 a kan mutanen da suka kai shekara 40 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na makantar da aka samu irin wadda za a iya kaucewa ce ko a warkar, kuma Arewa ta fi Kudu yawan makafi. Wannan a manya ke nan. A yara kuwa, babbar ƙofar da makanta ta daɗe tana shigo mana ta cikinta ita ce ƙyanda idan ta haɗu da ƙarancin sinadarin bitamin A. Alamar farko ta wannan ƙaranci ita ce dundumi: yaro yana gani da rana, da magariba ta yi sai ya dinga karo da kaya, ya ƙi fita wasa. Idan ƙyanda ta same shi a wannan hali sai saman baƙin idon ya bushe, ya yi gyambo, ya bar hakiya, ko idon ya fashe gaba ɗaya, kuma wannan na iya faruwa cikin 'yan kwanaki. Rigakafin ƙyanda kyauta ne, ana yin sa yaro yana wata 9, a maimaita a wata 15. Bitamin A kuma ana ɗiga wa yara shi duk wata 6 har su kai shekara 5, ga shi kuma Allah Ya zuba mana shi a zogale da alayyahu da manja da karas da mangwaro da gwanda da ƙwai da hanta. Abin takaici, wani gidan zogale na tsakar gida amma yaro na fama da dundumi.

Akwai alamomin da ya wajaba kowace uwa da kowace ungozoma ta san su. Jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya a makonninsa na farko, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna ya wuce. Jaririn da ya kai wata 3 ba ya kallon fuskar uwarsa, ba ya bin haske da ido, a kai shi. Wanda idonsa ya yi girma fiye da kima, yana yawan hawaye yana gudun haske, kada a ce ai dara-daran idanu ne irin na kakarsa. Yana iya zama hawan ruwan ido ne da aka haife shi da shi. Wanda kuma aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, ko idon na ƙyalli kamar na kyanwa idan haske ya buge shi, wannan ko dai yana ce, ko kuwa ciwon dajin ido, wanda jinkiri a kansa kan tafi da rai. Yanar idon jariri ba ta jira kamar ta tsoho, domin ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne a watannin farko. Idan aka bar ta shekaru, ko an cire ta daga baya ganin ba ya dawowa yadda ya kamata. Wuraren zuwa kuwa sanannu ne: Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA da asibitin ido na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa.

Muna gargaɗi da babbar murya a kan ɗiga wa yaro abin da ba likita ya rubuta ba. Ruwan ganye, toka, sukari, har fitsari, wanda najasa ne ma kafin a zo maganar cutarwarsa, duk ana zuba su a idon yara da sunan magani, haka nan maganin ɗigo da ake saye a kemis ba tare da an duba ido ba. Ciwon da zai warke cikin mako guda sai ya zama makantar har abada. Marubucin nan na Masar, Ɗaha Husaini, wanda aka haifa a 1889, ciwon ido ya yi yana ƙaramin yaro a ƙauye, aka kira masa wanzami, maganin wanzamin ya ƙarasa idon. Muna da saɓani da mutumin a ra'ayoyinsa da dama, wannan ba wurin tattauna su ba ne, amma labarinsa ya haɗa ɓangarori biyu na maganarmu: jahilci ne ya makantar da shi, karatu kuma ya kai shi Azhar da Faransa, har ya riƙe ma'aikatar ilimin Masar daga 1950 zuwa 1952.

To, idan an yi iyakar ƙoƙari likitoci suka ce ganin ba zai dawo ba, a nan ne haƙuri ke da gurbinsa, kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Allah Ya yi alkawarin Aljanna ga bawan da aka jarraba da rashin idanunsa ya yi haƙuri. Ba laifi ba ne uwa ta yi kuka, ko uba ya ji nauyi a ƙirjinsa. Laifin shi ne a tsaya a nan. Haƙurin iyaye a wannan mataki aiki ne na shekaru, kuma abin koyi a cikinsa shi ne yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi mu'amala da Abdullahi ɗan Ummu Maktum.

Kowa ya san a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Amma mu lura da abin da ya kawo shi wurin Annabi a ranar. Ilimi ya zo nema. Annabi yana cikin kiran manyan Ƙuraishawa, yana kwaɗayin musuluntarsu, sai ya kau da kai daga makahon, sai Allah Ya saukar da ayoyin da ake karantawa har tashin ƙiyama domin kare haƙƙin makaho na a saurare shi a koyar da shi. Idan an yi wa mafificin halitta magana a kan jinkirta makaho na ɗan lokaci, ina matsayin uban da ya hana ɗansa makaranta shekara goma sha biyar? Bayan hijira kuma wannan bawan Allah ya zama ladan tare da Bilal, kuma fiye da sau goma Annabi yana barin sa a Madina yana yi wa mutane limanci idan an fita yaƙi. Har a yaƙin Ƙadisiyya, zamanin Sayyidina Umar, an gan shi riƙe da tuta. Akwai kuma hadisin Muslim inda makaho ya nemi rangwamen yin salla a gida saboda ba shi da jagora, da Annabi ya ji cewa yana jin kiran salla sai ya umurce shi da ya amsa. Malamai sun kafa hujja da wannan hadisi a babin sallar jam'i, mu kuwa muna ganin wata fa'ida a cikinsa ga iyaye: shari'a ta ɗauki makaho a matsayin mutumin da zai iya fita daga gidansa ya isa masallaci da ƙafarsa. Wa zai koya masa hanyar in ba mahaifinsa ba? Abin da Alƙur'ani ya ɗauke wa makaho da gurgu da majinyaci a Suratul Fathi wajibcin fita yaƙi ne. Hankali da balaga su ne sharuɗɗan taklifi, kuma makaho yana da su cif.

Al'ummar da ta fahimci wannan ita ce ta fitar da Ƙatada ɗan Di'ama, wanda aka haifa makaho ya zama jigo a tafsiri da hadisi cikin tabi'ai. Ita ce ta fitar da Ibnu Sida na Andalus, makaho ɗan makaho, mai manyan ƙamusoshin nan biyu, Al-Muhkam da Al-Mukhassas, da Imamu Shaɗibi wanda har yau duk mai neman ƙira'o'i bakwai sai ya bi ta kan ƙasidarsa. Aɗa'u ɗan Abi Rabaha baƙar fata ne, gurgu, mai shanyayyen hannu, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Yawan malamai da mashahurai makafi ya kai As-Safadi ya ware masu littafi sukutum. A zamaninmu kuma ga Shehu Abdul'aziz ɗan Baz, wanda ganinsa ya tafi gaba ɗaya yana wajen shekara 20, ya zama Muftin Saudiyya daga 1993 har rasuwarsa a 1999. A gida nan ma, Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne tun ƙuruciya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kakanninmu ma sun san makaho da sana'a, domin tukar igiya aikin makafi ce a garuruwanmu tun da daɗewa. Ba muna kawo waɗannan sunaye ba ne don a ɗora wa kowane yaro makaho nauyin zama Shaɗibi. A cikin makafi akwai mai kaifin basira akwai matsakaici, kamar sauran mutane, kuma kuskure ne a ɗauka kowane makaho mahaddaci ne da haihuwa. Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya kama hannunsa ya kai shi gaban malami.

Yanzu mu shiga cikin gida, inda aikin yake. Yaro mai gani yana koyon mafi yawan abubuwa ne da kwaikwayo, ba tare da an ce masa komai ba. Ya ga yadda ake riƙe ludayi, ya ga yadda ake ɗaura zani, ya ga yadda ake ruku'u. Makaho ba shi da wannan ƙofa, don haka sai an kawo masa duniya ta kunnensa da hannunsa da hancinsa. Uwa ta yawaita yi masa magana tun yana goye, ta faɗa masa abin da take yi da sunan abin da ya ji ƙararsa: wannan turmi ne, wannan guga ce ta faɗa rijiya, wannan muryar baffanka ce. A sa masa abu a hannu a faɗi sunansa, a bar shi ya shafa akuya da kaza da zangarniyar gero, domin kada ya girma da kalmomi a baki waɗanda bai san abin da suke nufi ba. Jariri makaho yakan yi jinkirin rarrafe da tafiya saboda ba ya hango abin da zai ja shi, sai a jawo shi da murya da abin wasa mai ƙara. Wanda ya shigo ɗaki ya yi sallama ya faɗi sunansa, wanda zai fita ya ce zai fita, kada a bar yaro yana magana da bango. Wasan nan na "canki ko wane ne" da manya ke yi wa yara makafi cin fuska ne, a daina.

A tsayar wa kowane kaya wurinsa. Randa da buta da tabarma da takalma su zauna inda ya san su, in an sauya a gaya masa. A rufe rijiya, a kange murhu, ƙofa kuma ta kasance a buɗe sarai ko a rufe ruf, domin wadda aka bari rabi ita ce ke fasa goshi. Bayan an yi wannan sai a sake shi ya yi yawo. Zai yi karo, zai faɗi, kamar yadda kowane yaro ke faɗuwa. Mun lura cewa tausayin da ya wuce iyaka yana naƙasa yaro fiye da makantar kanta: a ba shi abinci a baki yana shekara bakwai, a yi masa wanka yana shekara goma, a hana shi aike, a hana shi shara, in ya yi rashin kunya a ce ƙyale shi ba ya gani. Irin wannan yaro ranar da uwarsa ta faɗi ta mutu shi ma rayuwarsa ta tsaya. A koya masa cin abinci da tsabta, da wanki, da ninke kayansa, da ƙirga kuɗi, a tsawata masa in ya yi laifi daidai da 'yan'uwansa. A kama hannunsa a yi alwala da shi gaɓa-gaɓa, a tsayar da shi a lanƙwasa bayansa a nuna masa ruku'u da sujada, a sa masa alamar alƙibla a ɗakinsa da zai shafa. Uba ya bi hanyar masallaci da shi sau da yawa yana nuna masa alamomi, nan kwata take, nan katangar wane ta ƙare, har ya iya zuwa shi kaɗai da sandarsa. Sanda a hannun makaho kayan aiki ce kamar tabarau a fuskar mai raunin gani, babu abin kunya a cikinta.

Kada kuma a ɓoye shi idan baƙi sun zo, kada a bar sunansa na yanka ya ɓace a koma kiran sa da lalurarsa. Suratul Hujurati ta hana jifan juna da laƙabin da mutum ke ƙi, kuma yaro yana da zuciya.

Sai maganar karatu. Rubutun da makafi ke karantawa da yatsa wani Bafaranshe ne mai suna Luwi Birel ya tsara shi. An haife shi a 1809, ya soke idonsa da basilla a shagon mahaifinsa baduku yana shekara 3, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance; yana shekara 15 ya tsara rubutun, aka buga shi a 1829. Ɗigo 6 ne kacal masu tudu a kan takarda, ana sarrafa su su ba da siffa 63, kuma da su ake rubuta Turanci da Hausa da Larabci da lissafi. Akwai Mus'hafi cikakke da wannan rubutu a mujalladai da yawa, sai dai Larabcinsa daga hagu zuwa dama ake karanta shi. Ma'anar wannan ita ce makaho na iya yin tilawa da muraja'a shi kaɗai cikin dare ba tare da ya jira mai biya masa ba. Wayoyin zamani ma suna da manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo, kuma ni'ima ce babba, amma ba ta maye gurbin rubutu. Wanda ke saurare kawai ba zai san yadda ake harhaɗa baƙaƙe ba, kamar yadda mai sauraron rediyo ba ya zama mai karatu.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato 'yan mishan ne suka buɗe ta tun 1953. Gwamnatoci sun biyo baya da makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, akwai sassan horar da malaman masu bukata ta musamman a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero, da kwalejin tarayya ta Oyo, kuma tun 2017 hukumar JAMB ta ware wa makafi tsarin jarrabawa na musamman, Kano na cikin cibiyoyinsa. To mu fa? Kowa ya dubi makarantar Islamiyyar unguwarsu, ya tambaya ko akwai malami guda da ya iya rubutun makafi, ko Mus'hafi guda na yatsa. Mun gina azuzuwa, mun yi bukukuwan sauka, amma surar da ta sauka a kan makaho muna karantar da ita a ajin da babu makaho ko ɗaya. Wanda ya ji haushin cewa wasu sun riga mu ga yaranmu, to maganin haushin shi ne ya tura malami ya koyo.

A lura kuma, da yawa daga yaran da ake kira makafi suna da sauran gani. Zabiya misali ne: tabarau da hula da zama a gaban aji da manyan baƙaƙe sun ishe shi ya yi karatu tare da kowa.

Mu koma ga bara. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, idan kuwa ya balaga da lalurar da ta hana shi nema to wajibcin bai faɗi ba. Ɗiya mace kuma har mijinta ya tare da ita. Dubi yadda muka juya hukuncin: wanda shari'a ta ce a ciyar da shi, shi aka tura ya ciyo da gida. Kuma hasarar ba ta tsaya a kansa ba, domin ɗan jagora ma yaro ne, ƙane ko ƙanwa mai ido lafiya lau, wanda aka cire daga makaranta aka ɗora masa hannun wani a kafaɗa daga safe har magariba. Makanta ɗaya ta cinye yara biyu. Mun san akwai talauci na gaske, kuma ba mu zo mu yi wa mabukaci gori ba. Dattijon da ya tsufa a kan bara ba shi da wata hanya, a ba shi, a kyautata masa. Maganarmu a kan yaron da bai riga ya shiga ba ce. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta haramta amfani da mai naƙasa wajen bara, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu, ta ba shi haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Aiwatarwa ta yi rauni, wannan gaskiya ne, amma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba ba ya neman sa. Gadonsa kuma cikakke ne kamar na kowa. Ɗan'uwan da ya riƙe rabon makaho ko na mai raunin hankali da sunan kulawa sa'an nan ya cinye, wuta ya zuba a cikinsa.

Ɗiya mace makauniya tana bukatar ƙarin kulawa. Uwa ta zaunar da ita kafin balaga ta yi mata bayanin haila, ta koya mata yadda za ta gane zuwanta da ƙirga kwanakinta da tsarkinta, ta kuma zama idonta wajen duba abin da sai an gani. A koya mata wane ne muharraminta, da irin taɓin da ba a yarda da shi, a kuma tabbatar mata cewa in ta kawo ƙara za a saurare ta, domin miyagu sun fi kai hari ga wadda suke ganin ba za ta iya nuna su ba. A koya mata girki da raino sannu a hankali. In lokacin aure ya yi a nemi yardarta kamar kowace mace, kada a bayar da ita sadaka ga duk wanda ya miƙo hannu don a huta da ita.

Kurma kuwa, mafi yawan abin da muka faɗa ya hau kansa, sai dai shi harshe ne babbar bukatarsa. Sanƙarau na cikin abubuwan da ke kurmantar da yaranmu, kuma annobar 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, ta bar wasu da yawa ba sa ji. Yaron da ba ya ji, in ba a ba shi maganar hannu da wuri ba, zai girma ba shi da harshen da zai yi tunani da shi, balle a koya masa tauhidi da salla. Wajibi ne mutanen gidan su koyi maganar hannun tare da shi. Yaron da jikinsa ya sanƙare ko ya saki sakamakon doguwar naƙuda ko shawarar da ta tsananta a kwanakin farko, shi ma gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti na taimaka masa, kuma da yawansu hankalinsu lafiya yake ko da baki bai fita ba. Mai farfaɗiya kuma yana da magani, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu, don haka babu dalilin gudun sa in ya faɗi. A kawar da shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.

Nauyin nan ya fi ƙarfin gida ɗaya, kuma magabata sun san haka. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa kowane makaho jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali, ya yanka wa kutare albashi ya hana su roƙo. Azhar ma ta daɗe da zawiya ta musamman ga ɗalibai makafi. Abin da muke roƙon kowane reshe shi ne kwamitin ilimi da na mata su bi gida-gida a unguwarsu su rubuta yaran da ke da lalura waɗanda ba sa zuwa makaranta, a kai waɗanda ba a taɓa dubawa ba asibiti, a ware wani kaso na zakka da sadakar Juma'a domin kuɗin mota da tabarau da allon rubutun makafi, a kuma zaɓi malami ɗaya a kowace Islamiyya a ɗauki nauyin horar da shi. A nemi shawarar Sarkin Makafi da manyan makafi masu ilimi na garin kafin a fara, domin sun fi mu sanin gidajen da inda ke yi masu ciwo. 'Yan agaji kuma su duba matakalar masallaci da wurin alwala da kwatar da ke bakin ƙofa, a gyara su kafin zama na gaba.